Wani babba a wurin aiki yana takura min, lafiyata ta fara taɓuwa

Nas daga Gusau: Assalamu alaikum. Ina aikin dare a wani asibiti, kuma wani babba a sashenmu ya mayar da taɓa jikina al'ada duk lokacin da muke zagayen duba majiyyata. Wata uku ke nan barci ya ƙaurace min, gabana kuma yana faɗuwa da zarar an liƙa jadawalin aiki. Ina zan kai kuka?

Tsohuwar ungozoma, Argungu: Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan fargabar ciwo ce, domin idan ta daɗe tana jawo ciwon kai, hawan jini da baƙin ciki mai tsanani, kuma nas ɗin da ba ta yi barci ba tana iya kuskure wajen auna magani. Ki riƙa rubuta rana, lokaci da wanda ya gani, sannan ki kai wa shugabar nas-nas a rubuce.

Malami, Birnin Kebbi: Malama, ki haɗa da ƙungiyarku ta nas-nas da ungozomomi ta Najeriya, wato NANNM. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) mai lamba 190 a 2022, wadda ta haramta cin zarafi a wurin aiki.

Nas daga Gusau: Na gode, Hajiya. Shugabar tamu ƙawar matarsa ce, shi ya sa nake ɗari-ɗari.