Mu samo wa "great circle" suna da Hausa

Salamu alaikum. Malaman labarin ƙasa da ma'aikatan rediyo, shawararku nake nema.

Duk shekara da an fara jigilar maniyyata daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua, sai ka ji ana tambayar nisan Katsina zuwa Jidda. Intanet za ta ce maka kusan kilomita 3,500 ne. Wannan awo shi Turawa ke kira "great circle", wato tazara mafi gajarta tsakanin wurare biyu a doron duniya, tunda duniyar mulmulalliya ce. Mu har yau ba mu sa masa suna ba.

Wasu sun kawo "babbar da'ira". Ban yarda da ita ba, don duk wanda ya ji da'ira zai ɗauka jirgin kewaye yake yi, alhali akasin haka ake nufi.

"Kai tsaye" kuma tana da aikinta: jirgin da bai yada zango ko'ina ba. Nan ne ma nake so mu lura sosai. Jirgi na iya tashi daga Katsina, bai sauka ba sai Jidda, amma ya yi doguwar kwana a sama. Gajeriyar hanyar ta ratsa Nijar da Chadi da Sudan ne, sannan ta tsallaka Bahar Maliya, tafiyar da ba ta wuce awa 5 ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa kewayewa, awoyi suka ƙaru, kuɗin mai ya ƙaru. Tafiyar kai tsaye ce, amma ba a wancan awo aka yi ta ba.

Wani dattijo daga Daura ya ce a kira ta "yanke". Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kalmar ta yi daɗi, sai dai yanke na wanda ya bar babbar hanya ne, wannan kuwa ita ce ma'aunin sauran hanyoyin.

Ni abin da nake gani shi ne "nisan zare". Ɗauki ƙwallon taswirar duniya, ka dafa bakin zare a Katsina, ka ja shi ya miƙe har Jidda. Inda ya kwanta nan ce hanyar, tsawonsa kuma shi ne nisan. Da zaren nan ɗalibi zai gane dalilin da jirgin Dubai zuwa Los Angeles ke bi ta can ƙuryar arewa, abin da a shimfiɗaɗɗiyar taswira yake kama da ɓata.

Sai mu riƙa cewa: nisan zare kaza ne, hanyar da jirgi ya bi kaza, awoyin tafiya kaza. A lissafin awoyin kuma a tuna agogon Saudiyya na gaban namu da awa 2.

Masu karanta labarai, ku gwada ta a baki ku gaya mana ko ta zauna.