Ina zan samo wa yarona littafin dabbobi da Hausa?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 7 ya ishe ni da tambaya. Kawunsa ne ya sayo masa wani littafin Turanci mai hotunan halittun teku a Sabon Gari, tun ranar ban huta ba. Jiya ina tuƙa tuwo ya zo ya baje mini littafin a gindin murhu, wai in gaya masa me ya sa wani ƙaton kifi mai suna wel yake shayar da ɗansa nono. Na ce je ka tambayi babanka. Yaron da ko dam ɗin Tiga bai taɓa gani ba, balle teku! Don Allah akwai irinsa da Hausa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ce masa ba kifi ba ne. Huhu gare shi, dole ya riƙa tasowa yana shaƙar iska, haihuwa kuma yake yi kamar saniya. Shuɗin wel yakan kai tsawon mita 30, duk duniya ba dabbar da ta kai shi girma. Ki nemi Ikon Allah na Abubakar Imam da R. M. East wajen masu sayar da littattafan Zariya. Tsoho ne, Hausarsa ta fi ƙarfin ɗan shekara 7, sai dai ki riƙa karanta masa bayan isha'i.

Ɗan Dosso:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, 'yata ta haddace dabbobin ƙasar ƙanƙara kaf, amma ba ta san ayu ba. Ga shi a kogin Kwara da Binuwai, shi ma nono yake ba ɗansa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, a 1996 saura kamar 50 suka rage, yau sun kai ɗaruruwa. Wa ya rubuta wa yaranmu wannan?

Anti Mai Firamare:
Hajiya, duba shafin littattafan yara na African Storybook a wayarki, akwai na Hausa kyauta. Tatsuniya ta fi yawa, sai kin tona. Ni bugawa nake yi in ɗinke da zare.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na ba shi labarin ayu, yanzu ya koma tambayata wa ya zuba wa teku gishiri. Malam, ina jira.