Neman shawara: nutso a tekun Zanzibar ga wanda bai ƙware a iyo ba

Baban Ihsan:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar teku a cikinmu. Ni da maiɗakina muna shirin zuwa Zanzibar hutu, kuma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne duwatsun murjani da kifayen da ake gani a kewayen tsibirin Mnemba. Matsalar ita ce iyon da na iya bai wuce wanda na koya a kogi ina yaro ba, ita kuwa ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunta ba. Masu shirya yawon suna tallata abu biyu: ko mutum ya kwanta a saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi yana kallon ƙasa, ko kuma ya goya tukunyar iska ya nutsa tare da mai koyarwa, suna kuma cewa wanda bai taɓa yi ba ma zai iya a rana ɗaya. Shin wannan magana gaskiya ce, ko daɗin bakin talla ne? Wane wata ya fi dacewa, kuma a wane ɓangaren babban tsibirin Zanzibar ya kamata mu sauka?

Ɗan Teku:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tasu tana da gaskiya a ciki, amma ba su faɗa maka duka ba. Akwai nutson gwaji na rana ɗaya, wanda ake fara nuna wa mutum kayan aiki a ruwa marar zurfi, sannan mai koyarwa ya sauka da shi kusa da jikinsa, ba a kuma wuce mita 12. Wannan ba ya ba ka takardar shaida. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, wanda ke ba mutum izinin sauka har mita 18, yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, kuma kafin a ba ka takarda sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma iya zama a saman ruwa na minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba. Ka auna kanka da wannan ma'auni tun kana gida.

Abin da nake so ka fahimta shi ne, haɗarin nutso ba a kifi yake ba, a nauyin ruwa yake. Kowace mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke danne mu a doron ƙasa, wato a mita 10 matsin ya ninka biyu. Kunne ne ke fara sanar da kai, domin tun a mita biyu ko uku za ka ji yana ɗaurewa, sai ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali har ka ji ya buɗe, kana maimaitawa a kai a kai tun kafin zafi ya zo. Wanda ke fama da mura ba ya iya wannan, don haka ba a nutso da mura. Babbar doka kuwa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, saboda iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta idan ka hau sama, idan kuma ba ta sami hanyar fita ba sai ta yi wa huhu rauni. To, wanda ya tsorata a cikin ruwa abu biyu yake yi ba tare da tunani ba: ya riƙe numfashi, ya kuma yunƙura sama da sauri, su ne kuwa abubuwan da aka hana. Shi ya sa a ganina Hajiya kada ta fara da tukunya. Ta sa rigar ceto, ta fara da bututu a inda ƙafarta ke taɓa yashi, har ta saba da jin numfashinta ta baki alhali fuskarta tana cikin ruwa. Ba za ta yi asara ba, domin murjanin da ya fi launi yana wurin da hasken rana ke kai wa sosai, kuma jan launi shi ne ke fara ɓacewa da zarar an ɗan yi zurfi.

Maman Sadik:

Baban Ihsan, na bar maganar tukunya ga masu ita, zan yi magana kan lokaci da masauki. Ku guji watannin Afrilu da Mayu, domin lokacin ne damina mai ƙarfi take sauka, ruwa ya gurɓace, wasu masaukan ma suna rufewa. Daga Yuni zuwa Satumba babu ruwan sama sosai, amma iskar kudu tana kaɗawa da ƙarfi, kwale-kwale yana tangal-tangal, wanda bai saba ba kuwa jiri da amai za su hana shi jin daɗin komai. Ni a nawa ganin Oktoba ko Fabrairu sun fi sauƙi ga sabon shiga.

Abin da hotunan talla ba sa nunawa shi ne janyewar teku. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan ja baya ya yi nisa ƙwarai sau biyu a kowace rana, sai ka ga fili fetal, mata sun shiga gonakinsu na ciyawar teku suna ɗaure ta a jikin igiyoyi tsakanin turaku. Abin kallo ne, amma wanda ya zo don iyo zai zauna jiran ruwa ya dawo. A Nungwi da Kendwa, can arewa, ruwan ba ya guduwa haka. Idan kuma Mnemba kuka nufa, daga Matemwe ya fi kusa. Ku sani cewa ba a sauka a kan tsibirin Mnemba kansa, domin masauki ne na masu kuɗi, daga kwale-kwale ake shiga ruwa. Ku tashi da sassafe, saboda da hantsi ya yi jirage sukan taru a wuri ɗaya, mutane su cika ruwan har ƙafar wani tana dukan fuskar wani. Ku kuma sayi takalmin roba na shiga ruwa, don bushiyar teku tana ɓuya tsakanin duwatsu, ƙayarta kuma tana karyewa a cikin tafin ƙafa.

Game da sutura, Hajiya ta kwantar da hankalinta. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, babu wanda zai yi mata kallon baƙuwar halitta don ta rufe jikinta. Sai dai ta nemi rigar iyo mai dogon hannu da wando da hular da ke kama kai, kada ta shiga da hijabi mai faɗi ko zane, domin suna shan ruwa su yi nauyi, suna kuma iya naɗe bututun. Wajen sa gilashi ta tabbatar bakin robar yana kan fata, idan ya hau kan yadi ruwa zai riƙa shiga.

Anti Nas:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai abin da ya shafe mu musamman wanda ba a ambata ba. Duk cibiyar nutso ta ƙwarai za ta ba ka takardar tambayoyin lafiya kafin ka taɓa tukunya, ina roƙon ka amsa ta tsakani da Allah, kada son shiga ruwa ya sa ka ɓoye wani abu. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, haka mace mai ciki da mai farfaɗiya. Mai asma, ko ciwon zuciya, ko hawan jini, ko wanda ke ɗauke da jinin AS, ya ga likita tukuna. Sannan a kula da ranar komawa gida. Iskar da ke cikin tukunya iska ce irin wadda muke shaƙa, an dai matse ta, kuma sinadarin naitirojin da ke cikinta yana narkewa a jini idan ana ƙasa. Idan matsi ya ragu da sauri sai ya fito kumfa-kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi da gaggawa, ya shiga gaɓoɓi ko laka. Don haka ake hawowa a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, don haka kuma ba a shiga jirgin sama sai bayan awa 12 aƙalla idan nutso ɗaya aka yi, ko awa 18 idan an yi fiye da ɗaya. Masu kallo ta bututu daga saman ruwa wannan doka ba ta hau kansu ba.

Baban Ihsan:

Allah ya saka muku da alheri. Mun yanke shawarar mu biyun za mu fara da bututu, ni kuma zan shiga koyon iyo a wurin wanka kafin tafiya. Saura tambaya ɗaya, Malam Ɗan Teku: idan Mnemba tana cika haka, akwai wani wuri mai natsuwa da sabon shiga zai ga murjani mai rai?

Ɗan Teku:

Akwai tsibirin Chumbe, kudu da tsohon birnin Zanzibar, wanda aka killace tun 1994. Ba a kamun kifi a wurin, ba a kuma barin baƙi su nutsa da tukunya, kallo ta bututu kawai ake yi tare da masu gadin wurin, kuma suna ƙayyade yawan mutanen da ke shiga a rana, saboda haka sai an kama wuri tun da wuri, kuɗinsa ma ya fi na Mnemba. Pemba, tsibirin da ke arewa da Zanzibar, tana da kyau ƙwarai, amma ruwanta yana da zurfi da ja mai ƙarfi, ka bar ta sai ka ƙware. Duk inda kuka je, kada ku tsaya a kan murjani don ku huta, ko da mai kwale-kwale ya ce ba komai. Mutane suna ɗaukar sa dutse, alhali ƙananan halittu ne masu rai, manyan curarrakinsa kuma ba sa ƙara abin da ya wuce santimita ɗaya ko biyu a shekara. Idan kuka ga wani ya yi fari fat, ɗumin ruwa ne ya sa ya kori ƙwayoyin tsiron da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, irin abin da ya yi wa gaɓar gabashin Afirka mummunar ɓarna a 1998. Idan Hajiya ta gaji, ta juya rigingine, rigar ceton za ta riƙe ta, sai ta ɗaga hannu mai jirgi ya matso ya ɗauke ta.