Daga ina finafinai suka samo ƙa'idojin mutum mai rikiɗa kyarkeci?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. A makon jiya na kalli The Wolf Man na 1941, kuma wata tambaya ta tsaya mini a rai. A fim ɗin, cizo ne yake sa mutum ya rikiɗa kyarkeci, azurfa ce kuma take kashe shi. Shin daga tsofaffin camfe-camfen Turai aka gaji wannan, ko masu fim ne suka tsara abinsu? Dalilin tambayata shi ne, a labaran masu rikiɗa kura da muka tashi muna ji, mutum ne yake neman asirin da kansa.

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a Turai ma da can haka abin yake, domin ana ɗaukar mai rikiɗa a matsayin matsafi. A 1589 an kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp a garin Bedburg na Jamus, bayan an gana masa azaba har ya ce Shaiɗan ne ya ba shi wata ɗamara da yake ɗaurawa ya zama kyarkeci.

Kamfanin shirya finafinai na Universal ne ya juya labarin. A Werewolf of London na 1935, wani masanin tsirrai ya tafi Tibet neman wani fure, a can aka cije shi, ya dawo Landan da lalurar. Bayan shekara shida Curt Siodmak, Bayahuden Jamus da ya tsere wa mulkin Nazi, ya rubuta labarin The Wolf Man a kan wani mutum mai suna Larry Talbot, wanda ya gamu da cizon a lokacin da yake ƙoƙarin ceton wata mata. A ganina nan ƙarfin fim ɗin yake: mutumin kirki ne, bai nemi asiri ba, amma ƙaddara ta hau kansa, kuma mahaifinsa ne ya kashe shi da sanda mai kan azurfa ba tare da ya san ɗansa yake duka ba. Batun cikar wata kuwa, sai a Frankenstein Meets the Wolf Man na 1943 aka ɗaure rikiɗar da ita sosai.

Hajiya Uwar Biyu:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai bai kamata a manta da Jack Pierce ba, wanda ya tsara fuskar dodon. Da gashin yak, wata saniyar tsaunukan Asiya, yake liƙe fuskar Lon Chaney Jr., ɗan wasan da ya fito a matsayin Larry Talbot, aikin da kan ci sa'o'i da yawa. Tun da babu kwamfuta, sai a ɗauki hoto kaɗan, a tsayar da kyamara, a ƙara gashi, a sake ɗauka, sannan a narkar da hotunan cikin juna. Sau biyar Chaney ya fito a wannan matsayi, daga 1941 zuwa 1948.

Ɗan Fagge:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. To akwai wani tsohon fim da ya kauce wa batun cizon?

Malam Bazazzagi:
Akwai. Ka nemi The Curse of the Werewolf na 1961, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya shirya, Oliver Reed ya fito a matsayin jaruminsa. A Sifaniya aka kafa labarin, kuma da la'anar aka haifi yaron, a ranar Kirsimeti.