Mai koyon jita ya fara da mafi arha? An ja daga

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina tara kuɗin sayen jitata ta farko. Jiya yayana ya ce mini tunda koyo zan yi, in sayi mafi arha a kasuwa, in hannuna ya faɗa sai in nemi mai kyau. Maganar ta shige ni, amma ina so in ji ta bakin waɗanda suka daɗe da abin a hannu.

Ɗan Agadas: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bi maganar yayanka. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar da ake ji da shi yanzu har Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar makaɗan Abzinawa ta Tinariwen ma da gwangwani da sanda ya fara. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuma kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe har duniya ta san shi. In da so a zuciya, kowace jita za ta koyar da kai.

Malamin Kiɗa: Malam Ɗan Agadas, ina ganin girmanka, amma ban yarda ba. Biyun farko da ka lissafa rashi ne ya sa su haka, ba zaɓi ba, kuma da suka samu hali ai ba su zauna kan wayar birki ba. Mu da muke koyarwa mu ne muke ganin waɗanda suka daina. Bara wani yaro ya zo wurina yana cewa shi ba shi da baiwa, sati uku yana fama sautinsa na shaƙewa. Na karɓi jitar na duba, tsirkiya ta yi nesa da wuya har ƙaramin yatsana yana shiga tsakani. Ni da na shekara ina kaɗawa sai da na matsa da ƙarfi kafin ta yi magana. Na miƙa masa tawa, nan take sautin ya fito tas, ya tsaya yana kallon yatsunsa. Araha ba ta ado.

Ɗan Agadas: Zafin yatsa ai dole ne, Malam. Sai kanta ta fito.

Malamin Kiɗa: Kanta daban, wahalar banza daban. Ta gaskiya cikin 'yan makonni take fitowa, zafin ya wuce. Sabon Shiga, ga abin da za ka yi a shago. Ƙirga layukan ƙarfen da ke kan wuya, daga wajen kan jitar zuwa na 12. Katin ATM kaurinsa bai kai milimita 1 ba, to haɗa guda uku ka zura tsakanin layin da tsirkiya mafi kauri. A jita mai tsirkiyar ƙarfe ya kamata su shiga daidai, wato wajen milimita 2 da rabi. Mai tsirkiyar roba takan kai 4, ba laifi. In ya wuce haka da yawa, ajiye ta. Sannan ɗaga ta kamar mai saita bindiga ka leƙa wuyan daga sama, ka ga ko ya murɗe. Ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danne ta a layi na 12 ka sake kaɗawa: sauti ɗaya za ka ji, na biyun ya fi siriri kawai. In sun saɓa, ko ka kwana kana saita ta ba za ta daidaita ba.

Kafinta: Ni ba makaɗi ba ne, amma ana kawo mini su gyara, kuma a nan zan ɗan koma bayan yayan nasa. Mai tsada da aka yi fuskarta da tsantsar katako tana son iska mai laima kamar kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Hunturun Kano ko Damagaram kuwa kun san yadda yake busar da leɓe, to haka yake yi wa katako. Na riƙe wata da aka kawo daga Turai, ta tsage tun daga ramin da ke fuskarta har ƙasa a hunturunta na farko, mai ita kamar ya yi kuka. Wadda aka yi da filawud, irin su Yamaha C40 ko F310, sautinta bai kai na waccan ba, amma tana jure bushewa. Mai koyo ba ya buƙatar abin da zai riƙa lallaɓawa kamar ƙwai. Ku shafa gefen wuya ma, in bakin ƙarafunan suna kartar hannu, katakon ne ya tsuke.

Malamin Kiɗa: To ai mun haɗu, Baba Kafinta. Waɗannan biyun masu sauƙin kuɗi ne a cikin na kirki. Abin da nake ƙi shi ne wadda ba ta da suna, mai ƙyalƙyalin fenti, da aka yi ta don rataye a bango.

Maman Yara: Ku bari in sa baki. Ɗana yana da shekara 9 na saya masa mai tsirkiyar roba, ƙarama wadda ake kira uku bisa huɗu, don babbar ta fi ƙarfin hannunsa. Da tsirkiya biyu suka tsinke, mai shago ya ce ta roba ta ƙare, ya ɗaura mata ta ƙarfe gaba ɗaya. Ba a yi wata ba jakin da ke riƙe tsirkiyar ya ɗago, fuskar ta kumbura. Daga baya na ji cewa jan ta ƙarfe ya kusa ninka na roba, kuma jikin wannan ba a yi shi don wannan nauyin ba. Don Allah kada wanda ya yarda a yi masa haka.

Ɗan Agadas: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma har yanzu ina kan bakana ta wani gefe. Ana yawan cewa mai koyo sai ya fara da ta roba don ta fi taushi, alhali wuyanta ya fi faɗi, kusan milimita 52, ta ƙarfe kuma wajen 43. In kiɗan Abzinawa irin na makaɗin jitar nan Bombino ne ya ja hankalinka, ta roba ba za ta ba ka wannan sautin ba, kuma za ka gaji da ita. Ta lantarki ma ta fi duka laushin dannawa, sai dai kuɗin amfilifaya da zancen wuta. Kada jiran mai kyau ya sa shekara ta wuce ba ka taɓa tsirkiya ba. Ta hannu ma, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, tana yi, in an gwada ta yadda Malam ya faɗa.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Kiɗan Agadas ɗin ne ya ja ni, don haka ta ƙarfe zan nema. Sai dai ni bahago ne, ban faɗa ba tun farko. Juya tsirkiyar kawai zan yi?

Kafinta: A'a, ɗana, ramukan da tsirkiya ke kwanciya a kai an yanka su ne gwargwadon kaurin kowace, jakin ma a karkace yake. Sai an sake su. Ka fara tambayar ta bahago a shagon.

Malamin Kiɗa: Mdou Moctar ɗin ma bahago ne. Ranar Asabar bayan La'asar ba ni da ɗalibi, ka taho da katunanka uku mu je tare.