Na sa sanyi, zafi ke fitowa: wa ya taɓa jona tamostat ɗin Amurka a Accra?

Ɗan Madina:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Yayana da ke Bronx ya gama gininsa a Adenta, ya loda injin sanyi a kwantena ya aiko, irin wanda bututunsa ke bi ta cikin silin yana raba iska ɗaki-ɗaki. Inji ɗaya ne amma aiki biyu yake yi, sanyi da rani, ɗumi lokacin ƙanƙara. Masu gyaran AC suka kafa shi da tsohon tamostat ɗinsa mai maɓallai, wato 'yar na'urar bango da ake saita sanyi ko ɗumi da ita, yana aiki lafiya lau. Sai Yaya ya sake aiko wani sabo mai fuska kamar ta wayar hannu, ya ce in canza kafin ya sauka. Jiya na cire tsohon na jona sabon. Yanzu in na sa sanyi, iskar da ke sauko min daga silin kamar ta bakin tanda. Jirginsa Juma'a zai sauka. Me na ɓata?

Masta na Nima:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, da wuya ka ƙona wani abu. Inji mai aiki biyu yana da wani bawul a na'urar waje, wato ɓangaren injin da ke wajen gida, shi ke juya hanyar gas. In ya karkata nan, gida ya yi sanyi, in ya karkata can, zafin da ya kamata a zubar waje shi ake turo maka ciki. Wayar da ke tuƙa bawul ɗin ita ce ke shiga ramin da aka rubuta O/B a jikin tamostat. To kamfanoni ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Mafi yawansu sai an ba bawul wuta sannan a samu sanyi, wannan shi ne O. Wasu kuma, irin su Rheem da Ruud, a lokacin ɗumi suke ba shi wuta, wannan shi ne B. Shiga saitin sabon naka, za ka ga inda ya tambaye ka O ko B. Duk wanda ka tarar a kai, koma ɗayan, ka jira minti biyar.

Tun da an zo wurin, bari in karanto sauran, don kullum sai an tambaye ni. R ita ce mai kawo wuta, volt 24 daga wata ƙaramar taransifoma da ke cikin na'urar ciki. C ita ce hanyar komawarta. Y tana tada kwamfireso, wato injin da ke matsa gas, G tana tada fanka. W ko Aux ta ƙarin hita ce, ta masu ƙanƙara. A Accra, inda ko tsakiyar hunturu da wuya a ga ƙasa da digiri 20, wannan wayar hutu take yi har ta tsufa.

Baban 'Yan Biyu, Mamobi:
Masta ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya kayar da ni launi ne. Na kalli bidiyo, Bature na cewa ja R, rawaya Y, kore G, sai na haddace kamar karatun allo. Ashe wanda ya fara yi wa Alhajinmu aikin wayar injin ba ta isa ba, ya je kasuwa ya sayo wadda ya samu ya ƙarasa da ita. A bangon nan kore ce ke tada kwamfireso. Ni kuma na riga na tsige su duka ban ɗauki hoto ba. Wuni guda na yi tsakanin silin da falo da mita a hannu, ina bin waya ɗaya-ɗaya, ga Alhaji zaune yana jan casbi yana kallona, bai ce uffan ba. Da ma faɗa ya yi min, da ya fi min sauƙi. Tun ranar, kafin in taɓa sukurudireba sai na ɗauki hoto, kowace waya kuma na naɗa mata salatif na rubuta harafin ramin da ta fito.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai ina da tambaya kafin in yi asara ta biyu. 'Yata ta kawo min irin wannan daga Amurka, ta ce ko ina shago a Makola zan iya kunna AC ɗin ɗakina ta waya. Mai gyara ya zo ya juya shi ya juya, ya ce ba inda zai jona. Na ɗauka ƙyuya ce. Shekara guda ke nan yana cikin kwalinsa a kan durowa.

Masta na Nima:
Hajiya, ki yafe wa yaron, gaskiyarsa ce. Naki irin na bango ne mai rimot, wanda kowa ke da shi. Ma'aunin zafinsa yana cikin cikinsa, kuma wayoyin da ke tsakanin na ciki da na waje wutar gida ce da wata waya da suke magana da juna ta ita. Babu ramin R, babu na Y. Abin da zai yi miki aiki wata 'yar na'ura ce da ke kwaikwayon rimot, a haɗa ta da intanet ɗin gida. Na kwalin kuma ki ba wanda ke da inji irin na yayan Ɗan Madina.

Yaron Masta, Sabon Zongo:
Allah ya sa maigidana bai ga wannan ba, ko da yake ya riga ya sani. Shekarata ta biyu da fara koyon aiki aka bar ni in canza tamostat a wani gida a East Legon. Na ce volt 24 ne, ko tsikara ba za ta yi min ba, sai ban kashe bireka ba. R ta goga C, na ga ɗan tartsatsi, komai ya mutu. Na zauna a ƙasa ina lissafin wata nawa zan yi ina biya. Da Masta ya zo ya buɗe na'urar ciki, sai ya zaro wani ɗan fis mai lamba 3 daga jikin bod ɗin, irin na mota sak. Ya ce in hau trotro in je Abossey Okai, kasuwar kayan mota, in sayo biyu, ɗaya na inji, ɗaya in riƙe a aljihu ina tunawa. Har yau yana cikin jakar kayan aikina.

Wani abokin koyona nasa ya fi muni. Shi ya ga tamostat bai kawo haske ba, sai ya jawo masa wuta kai tsaye daga soket, 230. Ƙauri kawai aka ji.

Ɗan Zongo a Columbus:
Ina gaida manya. Nan wurinmu wannan injin ba baƙo ba ne, na canza nawa da hannuna. Abin da ya kusa hana ni barci wayar C ce. Tsohon tamostat ɗina batir yake ci, don haka ba a taɓa jona masa C ba. Sabbin nan masu haske da intanet suna son wuta dare da rana, in ba C sai ka ga yana ɗaukewa yana dawowa. Na leƙa ramin bango na tarar da wata waya shuɗiya a naɗe, ba ta jone da komai. Na jona ta a C ta ɓangaren inji, na jona ta ta ɓangaren bango, magana ta ƙare.

Amma Ɗan Madina, ka duba farantin bayanai da ke jikin na'urar waje. Kayan nan na wutar Amurka mai 60Hz ake ƙera su, ta Ghana kuma 50Hz ce. In 60 kaɗai aka rubuta, kwamfireso zai yi gudu ƙasa da yadda aka tsara shi, sanyin ya ragu, yana kuma iya ɗaukar zafi. Wannan ba tamostat ke gyara shi ba, ka faɗa wa Yaya tun da wuri. Mu na waje muna da wannan halin, mu ga abu a shago mu loda, ba mu tambayi na gida ba.

Baban 'Yan Biyu, Mamobi:
Ka kuma bar masa jinkirin nan na minti biyar yadda yake. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, zai ƙi tada kwamfireso nan take, mutane su ce ya lalace. Kare shi yake yi, don gas ya daidaita kafin ya tashi. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar da aka sha a Ghana a 2015, ya san firij nawa aka yi jana'izarsu.

Ɗan Madina:
Alhamdu lillahi. Masta, Allah ya ƙara girma. A O na same shi, na mayar B, na je na yi alwala, kafin in dawo falo ya fara sanyi. Na duba farantin kamar yadda na Columbus ya ce, 60Hz kaɗai ke jiki, na tura wa Yaya hoton, ya karanta bai ba da amsa ba tukuna. Saura abu ɗaya. Iya ta shigo ta ga an rubuta 75 a bango, ta ce a kashe kafin ya dafa mu, don ita 18 ta sani a rimot ɗinta. Na yi mata bayani cewa lissafin Amurka ne, 75 ɗin nan kusan 24 ne a namu, ta ce ita dai ba za ta kwana a ɗakin da aka rubuta 75 ba. Wa ya san inda ake juya shi zuwa namu lissafin? Na bi saitin sau biyu ban gani ba.