Wane irin aksul ɗin baya ne ya fi dacewa da motar shiga daji da kaya?

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota game da wani ciniki da nake shirin yi kafin faɗuwar damina. Ina noman shinkafa a fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, kuma hanyar gonata laka ce mai santsi da damina, da rani kuwa rairayi ne da gargada. Abin da motar za ta riƙa ɗauka shi ne taki da injin ban-ruwa da jarkokin mai, sai kuma buhunan shinkafa idan an yi girbi.

An nuna mini motoci uku na hannu, dukkansu masu jan tayoyi huɗu: Toyota Hilux, da a-kori-kura ƙirar Land Cruiser 79, da Mitsubishi Pajero ƙirar bayan shekarar 2000, wadda ita ce ta fi araha. Wani ya ce mini kada in tsaya kallon fenti da lafiyar inji kawai, in leƙa ƙarƙashin motar in duba aksul ɗin baya, domin a nan ne bambancinsu yake. Na leƙa, na ga biyu daga ciki suna da doguwar sandar ƙarfe daga taya zuwa taya, ta ukun kuwa ba ta da ita, amma ban fahimci abin da hakan yake nufi ga irin aikina ba. Ina roƙon a yi mini bayani yadda zan gane, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fadama. Wanda ya ba ka wannan shawara ya san aiki. Hilux da Land Cruiser 79 duka suna da aksul guda mai haɗe da tayoyin baya biyu, kuma duka a kan sifirin mai falle-falle suke zaune, saboda haka idan mutum ya leƙa zai ɗauka abu ɗaya ne. Bambancin yana ɓoye ne a bakin aksul ɗin, wato inda taya take haɗuwa da shi.

A Hilux, shaf ɗin da ya fito daga tsakiyar aksul shi ne ake ɗaura taya a kansa kai tsaye, kuma boris guda ne yake riƙe da shi a bakin bututun. Ma'anar haka ita ce shaf ɗin yana aiki biyu a lokaci ɗaya, yana juya tayar kuma yana ɗauke da nauyin motar da duk abin da aka loda mata. Idan lodi ya yi yawa aka faɗa rami da gudu, nauyin da ke neman lanƙwasa shi da ƙarfin da ke murɗa shi a wuri ɗaya suke taruwa, kuma ranar da ya karye tayar tana iya ficewa gaba ɗaya tare da gangar birkinta. A Land Cruiser 79 kuwa, tayar tana zaune ne a kan wani kwanon ƙarfe da ke juyawa a kan boris biyu, su kuma a kan bakin bututun aksul ɗin suke. Bututun ne ke ɗaukar nauyi, shaf ba shi da aiki sai juya taya. Idan ya karye a daji, tayar tana nan daram. Za ka kwance notunan da ke tsakiyar tayar, ka zaro shaf ɗin da gutsattsarinsa ba tare da ka ɗaga motar da jak ba, ka toshe ramin don kada mai ya zube, ka sa fowil, tayoyin gaba su ja ka a hankali har gari. Tsofaffin Land Rover da ke hawa tsaunin Mambila ma irin wannan tsari suke da shi, kuma yana cikin dalilan da suka sa suka daɗe suna wannan aiki.

Gane su ba shi da wuya. Ka dubi tsakiyar tayar baya: idan ka ga wani ƙarfe ya turo waje da ƙananan notuna a zagaye, to irin na biyun ne, idan kuwa wurin a shafe yake, irin na farko ne. Wannan dubawa tana da amfani, domin a cikin Land Cruiser ma ba kowace ƙira ce take da shi ba. Ƙirar 105 da ta fito a 1998 tana da shi, amma 'yar'uwarta ƙirar 100 da aka fi gani a birane ba ta da shi. Haka kuma babban haƙorin da ke tsakiyar aksul ɗin 79 faɗinsa inci 9.5 ne, alhali na yawancin Hilux da ke hannun mutane inci 8 ne.

Sai dai zan ja hankalinka a kan abu biyu. Waɗannan ƙananan notuna suna saki a kan gargada, idan kuma aka bar su sai ƙusoshin su gutsure, saboda haka suna bukatar a riƙa bin su da sifana, boris ɗin kuma a riƙa sa musu giris ana daidaita ɗaurinsu. Sannan ƙarfin aksul ba lasisin lodi ba ne. Ko wacce daga cikin motocin biyu abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wato kimanin buhun taki 20 mai kilo 50, kuma da direba da ma'aikatan da suka hau baya duk a cikin wannan lissafi suke. Na sha ganin bututun aksul da ya lanƙwashe saboda lodi, alamarsa ita ce tayoyin baya su riƙa cinyewa ta gefen ciki, mai kuma ya riƙa tsattsafowa yana ɓata birki. Idan kuɗinka ya kai, ni 79 zan ce ka ɗauka.

Injiniya a Kaduna ya amsa:

Ina tare da Baba a duk abin da ya faɗa game da shaf, amma ina ganin bai kamata a watsar da Pajero ba tare da an faɗi abin da aka ƙera ta dominsa ba. Tun daga ƙirar 1999 kamfanin Mitsubishi ya raba tayoyin bayanta, kowace tana hawa da sauka ita kaɗai. Akwatin haƙoran tsakiya, wato difaranshiyal, an ɗaure shi ne a jikin motar, daga nan gajerun shaf biyu masu gaɓoɓi suke kai ƙarfi ga tayoyi. Amfanin wannan shi ne nauyin da ke tsalle tare da taya ya ragu ƙwarai, don haka a kan gargada tayar tana manne da ƙasa, motar ba ta wutsil-wutsil da baya, fasinja kuma ba ya jigata. Wanda aikinsa shi ne ɗaukar mutane a doguwar hanyar burji da ɗan gudu, wannan tsari ya fi masa aksul guda nesa ba kusa ba. Nissan ma da ta sabunta Patrol a 2010 wannan hanya ta bi, haka Land Rover a sabuwar Defender ta 2020.

Inda tsarin yake gazawa shi ne daidai irin aikin Malam Ɗan Fadama. A aksul guda, tazarar da ke tsakanin akwatin haƙoran da ƙasa girman taya ne kaɗai yake yanke ta, ko an yi lodi ko ba a yi ba tana nan yadda take. A Pajero kuwa, da zarar an danna mata buhuna sai bayan ya zauna, akwatin ya sauko tare da jikin motar, ga shi kuma a hanyar fadama da tarakta ta yi wa kwari biyu, tudun tsakiyar ne yake kama mota. Sannan gaɓoɓin shaf ɗin a cikin roba suke, ƙaya ko kututture ya yaga ta laka ta shiga, gaɓar ta lalace cikin ɗan lokaci. Masu shekaru za su tuna da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna tun 1975: ƙaramar motar a ƙirarta ta asali tayoyin bayanta a rabe suke, amma a-kori-kurarta aksul guda aka sa mata a kan sifirin mai falle-falle, domin kamfanin ya san aikin da za ta yi.

Akwai tsari na tsakiya da ba a ambata ba, wato aksul guda a kan sifirin mai naɗi, kamar na Land Cruiser 80 da ta fito a 1990, da Prado, da tsohuwar Defender. Shi ne ya fi barin aksul ya karkata sosai, taya ɗaya ta hau dutse ɗayar kuma tana taɓa ƙasa. Amma da yake sifirin mai naɗi ba ya iya riƙe aksul a wurinsa, dole a sa masa sanduna da robobi masu yawa, kuma robobin nan suna cinyewa. Sifirin mai falle-falle shi ne sifirin, shi ne kuma mariƙin aksul, idan falle ɗaya ya karye kusan kowane gari akwai mai canja shi.

Abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci a cikin laka shi ne makullin difaranshiyal. Aikin difaranshiyal shi ne barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, amma wannan hali ne yake sa idan taya ɗaya ta faɗa santsi ita kaɗai take ta juyawa, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi kuma ta tsaya cik. Makulli yana haɗe shaf biyun su juya tare. Ba kowace Hilux ko 79 ce take zuwa da shi ba, don haka a duba maɓallinsa kusa da sitiyari, a kuma gwada a tabbatar yana kamawa. Hilux mai makulli za ta fita daga wurin da 79 marar makulli za ta kafe. Sharaɗinsa shi ne a sa shi kafin a shiga lakar, a tafi a hankali, a cire shi da zarar an hau ƙasa mai ƙarfi, domin a kwana da kaya yana iya tara dukkan ƙarfin injin a kan shaf ɗaya.

Direban Sahara ya amsa:

Gaisuwa ga kowa daga Agadas. Zan ƙara abu ɗaya game da rairayi, tunda mai tambaya ya ce yana da shi da rani. A 2007 Toyota ta faɗaɗa gaban Land Cruiser 70 domin ya ɗauki babban inji, amma ta bar aksul ɗin baya yadda yake, sai ya zama tazarar tayoyin baya ta gaza ta gaba da kusan santimita 10. A kan kwalta ba za ka ji komai ba, amma a cikin yashi mai laushi tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba daidai, suna ta hawa gefen kwarin suna zamewa, bayan motar yana karkaɗawa, injin kuma yana ƙarin wahala. Idan 79 ɗin da aka nuna maka ta bayan wannan shekara ce, ka san da wannan. Wasu suna sa faranti a bayan taya don su turo ta waje, ni ban yarda da shi ba ga motar kaya, domin yana ƙara wa boris da ƙusoshi nauyi.

Kada kuma a raina Hilux. Ita ce ta fi yawa a hanyar Dirku, saboda ba ta da nauyi, tana tafiya a saman yashi idan an rage wa tayoyi iska, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Waɗanda nake gani suna lalacewa, kusan kullum an tara musu kaya ne a can ƙarshen bodi, bayan aksul. Ka sa mafi nauyin kayanka a jikin kan motar, gaban tayoyin baya, za ka ga bambanci ko a wace ka saya.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na cire Pajero daga lissafi, kuma zan koma in duba wacce take da makulli a cikin sauran biyun. Sauran tambaya ɗaya gare ka, Baba: a watan Agusta akwai wuraren da ruwa yake kai wa tsakiyar taya, kuma babu hanyar kauce musu. Shin wannan yana cutar da ɗaya fiye da ɗaya?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Yana cutar da su duka biyun, kuma ta hanya ɗaya. A saman bututun aksul akwai wata 'yar ƙaramar mashaƙar iska mai hula, wadda ba ta fi kan yatsa ba. Idan ka yi tafiya aksul ya yi zafi sannan ka tsoma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke ciki tana tsukewa, sai ya zuƙo ruwa ta wannan mashaƙa, ko kuma ta robar bakin shaf idan laka ta toshe mashaƙar. Maganinsa mai araha ne: a cire hular, a sa siririn tiyo a ja shi sama zuwa ƙarƙashin bodi inda ruwa ba ya kaiwa, a yi wa aksul ɗin gaba da giyabos haka nan. Idan ka iso bakin ruwa bayan doguwar tafiya, ka ɗan dakata ƙarfen ya huce kafin ka shiga.

Bayan an ratsa ruwa mai zurfi, a kwance notin zuba mai a tsoma yatsa. Man giya mai lafiya ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu, idan kuwa ka ga ya yi fari-fari to ruwa ya shiga, a juye shi a ranar a zuba sabo, irin mai lamba 80W-90 ko wanda littafin motar ya ambata. A 79 akwai ƙarin aiki, domin boris ɗin bakin aksul ana buɗe su a wanke a sake musu giris, kuma ya kamata a yi hakan a ƙarshen kowace damina. Na Hilux a rufe suke, ba a yi musu giris, amma idan suka fara kuka sai an kai shaf ɗin wurin mai injin matsewa kafin a canja su, saboda haka ka tambayi inda ake wannan aiki a Haɗejiya ko Nguru tun kafin ka biya kuɗin motar.